Tarihin Ed Roberts, injiniyan da ya kai kwamfuta gidajen jama'a

A watan Janairun 1975 wata mujallar masu sha'awar kayan lantarki a Amurka mai suna Popular Electronics ta fito da hoton wani akwatin ƙarfe a bangonta, tare da albishir cewa duk mai dala 397 zai iya mallakar kwamfuta tasa ta kansa.

Sunan akwatin Altair 8800, kuma mutumin da ya ƙirƙiro shi, Ed Roberts, tsohon hafsan sojan sama ne da bashi ya yi wa katutu.

Masana tarihin fasaha da dama na ɗaukar Altair a matsayin kwamfutar gida ta farko da ta samu kasuwa sosai. Dalilinta ne aka kafa kamfanin Microsoft, kuma ganinta ne ya zaburar da matasan da suka kafa kamfanin Apple.

Sai dai injin ya fito da lahani biyu da suka hana masu shi barci: ma'adanar da ba ta riƙe abin da aka ba ta ajiya, da kuma wutar da ba ta isar kayan da aka ɗora mata. Waɗannan matsaloli biyu sun taimaka wajen raba Roberts da kasuwar da shi ya buɗe ta, kuma har yau su ne abin da mai gyaran kwamfuta ke fara dubawa.

Ɗan mai gyara

An haifi Henry Edward Roberts ranar 13 ga watan Satumban 1941 a birnin Miami na jihar Florida.

A lokacin yaƙin duniya na biyu mahaifinsa ya shiga soja, shi kuma ya zauna tare da mahaifiyarsa a gonar danginta da ke gundumar Wheeler a jihar Georgia. Bayan yaƙi iyalin suka koma Miami, inda mahaifin ke sana'ar gyaran kayan lantarki na gida.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana makarantar sakandare Roberts ya haɗa wata 'yar ƙaramar na'urar lissafi da hannunsa.

Amma aikin likita ne burinsa, kuma da wannan niyya ya shiga Jami'ar Miami. A can ne wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya lura da basirarsa ya ba shi shawarar ya fara karanta aikin injiniya kafin ya nemi shiga makarantar likitoci.

Aure da ɗawainiyar iyali suka katse masa karatu. A shekarar 1962 ya shiga rundunar sojan saman Amurka, inda aka tura shi koyar da gyaran na'urorin aika saƙon sirri a sansanin Lackland da ke birnin San Antonio na jihar Texas.

Rundunar ce ta ɗauki nauyin karatunsa a Jami'ar Jihar Oklahoma, ya kammala digirin injiniyan lantarki a 1968. Daga nan aka ba shi muƙamin hafsa, aka tura shi ɗakin binciken makamai na sansanin Kirtland a birnin Albuquerque na jihar New Mexico.

Daga roka zuwa kalkuleta

A ƙarshen 1969 Roberts da abokan aikinsa uku, Forrest Mims da Stan Cagle da Bob Zaller, suka kafa wani ƙaramin kamfani a garejin gidansa, suka sa masa suna MITS.

Sana'arsu ta farko ita ce sayar da ƙananan na'urori ga masu wasan harba 'yan rokoki. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, don haka Roberts ya sayi hannun jarin abokansa, ya karkata ga na'urar lissafi, wato kalkuleta.

A wancan zamani kalkuleta kayan manyan ofisoshi ce. Dabarar Roberts ita ce ya sayar da kayanta a warwatse, mai saye ya zauna a gida ya liƙa su da dalma da kansa, ta yadda farashin zai sauko.

Kalkuletarsa ta farko, MITS 816, ta fito a bangon Popular Electronics a watan Nuwamban 1971, a kan dala 179 a warwatse, ko dala 275 a haɗe. Kasuwa ta buɗe, har cinikin kamfanin ya haura dala miliyan ɗaya a 1973.

Daɗin bai daɗe ba. Manyan kamfanonin da ke ƙera ƙwayoyin lantarkin da ake sawa cikin kalkuleta, irin su Texas Instruments, suka shigo kasuwar da kansu suka karya farashi. Ya zamana ana sayar da haɗaɗɗiyar kalkuleta a kanti a kan kuɗin da bai kai abin da Roberts ke kashewa wajen sayen kayan haɗi ba.

Kafin ƙarshen 1974 ana bin kamfanin bashin kusan dala dubu 300, kuma yana gab da rufewa.

Kasada

A watan Afrilun 1974 kamfanin Intel ya fito da wata ƙwayar sarrafa bayanai mai lamba 8080, wadda ƙarfinta ya isa a gina cikakkiyar kwamfuta a kanta. Farashin guda ɗaya dala 360 ne.

Roberts ya yi ciniki da Intel a kan zai saya da yawa, aka bar masa kowace a dala 75. Wannan ragi shi ne sirrin arahar Altair, domin kuwa farashin dukan injin bai fi na ƙwayar kaɗai da wani abin kirki ba.

Ya je banki ya nemi ƙarin rancen dala dubu 65, yana mai ba da tabbacin zai sayar da guda 800 cikin shekara. Shi da injiniyansa Bill Yates suka duƙufa kan aikin cikin gaggawa, domin editan fasaha na mujallar, Les Solomon, na neman kwamfutar da zai sa a bangon fitowar Janairu.

Samfurin farko da aka aika wa mujallar a birnin New York ya ɓace a hanya. Akwatin da duniya ta gani a bangon mujallar fanko ne, in ban da makunnai da 'yan fitilu a gabansa.

Shi kuwa sunan Altair na wani tauraro ne, kuma asalinsa Larabci ne, daga kalmar da ke nufin mai tashi sama.

Abin da ya biyo baya ya wuce tsammanin kowa. A watan Fabrairun 1975 kaɗai kamfanin ya karɓi odar guda dubu, kuma ya zuwa watan Agusta ya aika da fiye da dubu biyar. Ma'aikatan da ba su kai 20 ba a farkon shekara suka zama 90 a watan Oktoba. Daga baya aka tsayar da farashi a kan dala 439 a warwatse, da dala 621 a haɗe.

Akwati mai ɗaukar haruffa 256

Wanda ya sayi Altair a wancan farashi bai samu madannai ba, bai kuma samu allon kallo ba. Da makunnan gaban akwatin ake shigar da umarni, ɗaya bayan ɗaya, sannan a karanta amsa daga kunnuwa da mutuwar jajayen fitilu.

Ma'adanar aikinta, wadda masu gyara ke kira RAM, bayit 256 ce kacal. Bayit ɗaya na ɗaukar harafi ɗaya, ke nan duk abin da injin zai iya riƙewa a lokaci guda bai wuce jimloli biyu ko uku ba. Da zarar an kashe wuta kuma, komai ya goge.

Ita ƙwayar 8080 tana iya aiki da bayit 65,536. Saboda haka Roberts da Yates suka tsara injin yadda za a riƙa faɗaɗa shi. A ƙasan akwatin akwai ramuka, kowane da layukan haɗi 100, inda ake soke allunan lantarki. Wani allon na ƙarin ma'adana ne, wani na haɗa injin da na'urar buga rubutu.

Wannan tsari shi ne babbar kyautar da Roberts ya yi wa duniyar kwamfuta. Wasu kamfanoni sun ɗauke shi, ya shahara da sunan S-100, duk da cewa Roberts ya so a ci gaba da jingina shi ga Altair. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta amince da shi a matsayin ma'auni mai lamba 696.

Amma tsarin ya nuna cewa babu mai cin moriyar Altair sai ya ƙara mata ma'adana. A nan ne kuma wahala ta soma.

Gates da Allen

Daga cikin waɗanda suka ga mujallar akwai Paul Allen da abokinsa Bill Gates, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Harvard. Suka tuntuɓi Roberts da tayin rubuta wa Altair manhajar BASIC, wadda za ta ba mutum damar yi wa injin umarni da kalmomi maimakon makunnai.

Ba su da Altair a hannu. Allen ya sa wata babbar kwamfutar jami'ar, PDP-10, ta kwaikwayi ƙwayar 8080, suka rubuta manhajar a kanta tare da taimakon wani ɗalibi, Monte Davidoff.

A watan Maris na 1975 Allen ya tafi Albuquerque da manhajar a kan zaren takarda mai huji-huji, aka gwada ta yi aiki. Roberts ya ɗauke shi aiki, kuma a wannan birni aka kafa Microsoft a shekarar.

Mafi ƙanƙantar nau'in manhajar na buƙatar kilobayit huɗu, wato bayit 4,096, ninki 16 na abin da Altair ke zuwa da shi. Daga ranar, allon ƙarin ma'adana ya zama abin da kowane mai Altair ke nema ruwa a jallo.

Allon da ke mantuwa

Ma'adanar kwamfuta iri biyu ce. Ta farko tana riƙe abin da aka rubuta mata muddin akwai wuta, amma tana da tsada kuma tana shan wuta da yawa.

Ta biyu, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya samu haƙƙin mallakar fasaharta a 1968, tana ajiye kowane ɗigon bayani ne a matsayin ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa, tamkar ruwa a tulun da ke yoyo. Dole ne a riƙa sabunta cajin sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, in ba haka ba bayanin ya zube. Amfaninta shi ne araha da ƙarancin shan wuta.

Ta biyun MITS ya zaɓa wajen ƙera allonsa mai kilobayit huɗu, wanda ya sa wa farashin dala 264.

Ƙwayar 8080 ba ta yin aikin sabunta caji da kanta, don haka sai da aka ɗora wa allon wasu kayan da za su riƙa kutsawa tsakanin ayyukan injin suna yi. Lokacin da aka ware wa wannan aiki ƙanƙani ne ƙwarai, kuma zafi ko 'yar tangarɗar wuta na iya gurɓata shi. Ga kuma matsala a wasu daga cikin kayan da aka yi amfani da su.

Sakamakon shi ne alluna da yawa ba su yi aiki ba. Waɗanda suka yi kuma sukan ci amana ba zato. Mutum zai ɓata lokaci yana loda manhaja daga zaren takarda, sai harafi guda ya sauya a cikin ma'adana, injin ya sandare, a koma farko.

Abin da ya ƙara ɓata wa jama'a rai shi ne yadda kamfanin ya ɗaure manhajar da allunan. Wanda ya sayi alluna biyu da allon haɗi daga MITS zai samu BASIC a dala 75. Wanda ya ce manhajar kaɗai yake so kuwa, sai ya biya dala 500.

A jihar California akwai wata ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta mai suna Homebrew, wadda ta yi zamanta na farko ranar 5 ga watan Maris na 1975, kuma Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, na cikin mahalarta. Wani ɗan ƙungiyar, Bob Marsh, ya ƙera allo mai kilobayit huɗu da ɗaya nau'in ma'adanar, wadda ba ta buƙatar sabunta caji, ya sa masa dala 255. Kamfaninsa, Processor Technology, ya samu kasuwa nan da nan.

Masu Altair da yawa suka zaɓi su sayi allon Marsh, su kuma kwafi manhajar daga abokai ba tare da biya ba. Wannan ne ya sa Gates ya rubuta wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Fabrairun 1976 yana zarginsu da sata, inda ya ce waɗanda suka biya ba su kai kashi goma cikin ɗari ba.

Tun kafin nan, a watan Oktoban 1975, Roberts ya amsa a jaridar kamfaninsa, Computer Notes, cewa allon na da matsala. Ya rage farashinsa zuwa dala 195, ya mayar wa waɗanda suka riga suka saya dala 50 kowanne. A farkon 1976 MITS ya fito da nasa allon mai ɗaya nau'in ma'adanar, amma a lokacin abokan hamayya sun riga sun kafu.

Ƙarancin wuta

Waɗanda suka koma ga sabbin allunan sun gudu ne ba su tsira ba. Allo ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi 32, kowace na jan nata rabon wutar, kuma akwatin wutar Altair ba a yi shi don irin wannan nauyi ba.

Yadda aka tsara shi, taransifoma ce ke sauke wutar gida zuwa kusan bolt takwas, a aika ta cikin ramukan ba tare da an daidaita ta ba. Kowane allo na da nasa ɗan abin daidaita wuta da ke mayar da ita bolt biyar, ragowar kuma ta zama zafi.

Abin daidaitawar na buƙatar aƙalla kusan bolt bakwai kafin ya yi aikinsa. Duk allon da aka ƙara yana janyo wutar ƙasa, har ta kai inda bolt biyar ɗin ba ya tsayawa. Daga nan ma'adana ta fara kuskure, mai injin ya ɗora laifi a kan allo, alhali yunwar wuta ce ke damunsa.

Mazauna unguwannin cikin ganuwar Kano, irin su Yakasai da Mandawari, sun san kwatankwacin wannan. Taransifomar da aka kafa don gidaje kaɗan, idan aka yi ta jona mata sababbi, da magariba sai ƙwan fitila ya koma ja, fanka ta riƙa juyi da ƙyar.

Ga kuma zafi. Samfurin farko na Altair ba ya zuwa da fanka sai an saya daban, kuma wasu layukan wuta masu mabambantan ƙarfi suna maƙwabtaka da juna a cikin ramukan, ta yadda allon da ya karkace wajen sokewa zai iya haɗa su ya ƙone kaya.

Nan ma wasu suka ga kasuwa. Roberts ya fusata da kamfanonin da ke cin abinci a jikin injinsa, har ya kwatanta su da ƙwarin da ke rayuwa da jinin wasu. Wani injiniya, Howard Fullmer, ya ɗauki wannan zagi ya raɗa wa kamfaninsa suna Parasitic Engineering, kuma daga cikin hajarsa akwai kayan ƙara wa Altair ƙarfin wuta.

A watan Disamban 1975 wani kamfani ya fara sayar da IMSAI 8080, wadda ke karɓar duk allunan Altair, amma da ramuka har 22 da akwatin wuta mai ƙarfin gaske. MITS ya mayar da martani a 1976 da Altair 8800b mai ramuka 18 da ingantacciyar wuta.

Sayar da kamfani

Duk da waɗannan matsaloli, shekarar 1976 ita ce ganiyar MITS. A watan Maris aka yi babban taron masu Altair a Albuquerque, wanda mutum kusan 700 suka halarta. Ma'aikata sun kai 230, ciniki kuma ya kai dala miliyan shida.

Sai dai Roberts ya gaji. Mutum ne dogo kakkaura mai zafin muhawara, wanda ya fi jin daɗin teburin ƙira a kan kujerar shugabanci. Sharaɗin da ya gindaya wa dillalai na kada su sayar da kwamfutar kowa sai tasa ya sa wasunsu suka juya masa baya.

A watan Mayun 1977 kamfanin Pertec ya sayi MITS a kan kimanin dala miliyan shida. Pertec ya ɗauka manhajar BASIC na cikin abin da ya saya, amma masu sasanci suka yanke hukuncin cewa Microsoft na da ikon sayar da ita ga wanda ya ga dama. A farkon 1979 Gates da Allen suka kwashe kamfaninsu zuwa jihar Washington.

A shekarar 1977 ɗin ne kuma aka fito da Apple II da Commodore PET da TRS-80, kwamfutocin da ke zuwa a haɗe da madannansu. Ba a jima ba sunan Altair ya ɓace daga kasuwa.

Ciwon da ya bi zuriya

Matsalolin biyu ba su mutu tare da Altair ba. Kwamfutar ZX81 da kamfanin Sinclair na Birtaniya ya fitar a 1981 na zuwa da kilobayit ɗaya, ana soka mata ƙarin 16 ta baya. Mahaɗin ba ya kamawa da kyau, kuma ɗan motsi kaɗan ya isa ya shafe aikin sa'o'i.

Commodore 64 ta 1982 kuwa akwatin wutarta ne abin tsoro. Idan ya tsufa yakan saki wutar da ta haura bolt biyar, kuma ƙwayoyin ma'adana ne ke fara ƙonewa. A Amiga 500 ta 1987, batirin da ke kan allon ƙarin ma'adana ne ke yoyo bayan shekaru ya cinye layukan tagulla.

Shi ya sa masu farfaɗo da irin waɗannan tsofaffin injina ke bin ƙa'ida guda. Sukan zare alluna duka, su auna wutar ita kaɗai, su canza kondensar da ta bushe ko ta kumbura, su goge bakin mahaɗai. Bayan haka ne suke mayar da allunan ɗaya bayan ɗaya, suna sake auna wuta a kowane mataki. Sai wuta ta tsaya daram ake gwada ma'adana, ta hanyar rubuta mata lambobi a sake karantawa, domin a gano ƙwayar da ke ƙarya.

Kwamfutocin da suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu a Kano daga shekarun 1990 sun samo asali ne daga IBM PC ta 1981, wadda ita ma aka yi ta da ramukan faɗaɗawa. Sun iso ƙasar da yanayinta ke tsananta dukan cututtukan biyu.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu daga can na da ɗan makunni a baya na zaɓar ƙarfin wuta, kuma wanda ya manta bai juya shi ba, jonawa ɗaya ta isa ta kashe akwatin wutar.

Hawa da saukar wuta, tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, ya sa na'urar daidaita wuta ta zama abokiyar tafiyar kwamfuta. Zafin watannin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, na gajarta ran kondensa, ƙurar hunturu kuma na shiga bakin mahaɗai. Mai gyara a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre da ya zare sandar RAM ya goge bakinta ya mayar, aikin da masu Altair suka koya da wahala a 1975 yake maimaitawa.

Likitan ƙauye

A ƙarshen 1977 Roberts ya bar Pertec, ya koma gundumar Wheeler inda ya yi ƙuruciya, ya sayi gona da kuɗin da ya samu. Yarjejeniyar cinikin ta hana shi ƙera kwamfuta na tsawon shekara biyar.

Yana da shekara 36 a lokacin, kuma ana ganin ya wuce shekarun shiga makarantar likitoci. Amma a 1982 Jami'ar Mercer da ke birnin Macon ta buɗe sabuwar makarantar likitanci da nufin samar wa karkarar Georgia likitoci, kuma Roberts na cikin ɗalibanta na farko.

Ya kammala a 1986 yana da shekara 44. Bayan ya samu horo a fannin cututtukan cikin jiki, ya buɗe asibitinsa a 1988 a wani ƙaramin gari mai suna Cochran.

A nan ya shafe fiye da shekara ashirin yana duba marasa lafiya, tsawon lokacin da ya ninka wanda ya yi a harkar kwamfuta. Bai rabu da kayan lantarki ba, domin yana da ɗakin aiki a gida, kuma ya rubuta manhajar ajiye bayanan marasa lafiyarsa da kansa.

A daidai wannan lokaci matasan nan biyu da suka fara sana'a a inuwarsa suka shiga sahun mafiya arziki a duniya. Dangantakarsa da Gates ta yi tsami saboda rikicin manhajar BASIC, amma daga baya suka shirya.

Daga baya ya kamu da ciwon nimoniya, ya yi watanni yana jinya. Gates ya je Macon ya duba shi a asibiti kwanaki kaɗan kafin cikawarsa.

Ed Roberts ya mutu ranar 1 ga watan Afrilun 2010 yana da shekara 68, ya bar 'ya'ya shida. Gates da Allen sun fitar da sanarwar ta'aziyya ta haɗin gwiwa, inda suka yaba da yadda ya amince da su tun suna matasan da ba wanda ya sani. Ana ajiye da samfurin Altair 8800 a gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington.